Neman Kuskure a Naɗin Ƙwandala: Dabarun Malam Sabiru Mai Agogo

Ɗan'uwa, matso kusa ka gyara zama. Sunana Malam Sabiru mai gyaran agogo, teburina yana Tsohuwar Kasuwa a Gusau, kuma daga Tsafe har Bungudu ba a haifi wanda ya kai ni sanin sirrin ƙwandala ba. Ga alkawarina: in ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin geron bana ya shiga rumbu za ka riƙe ƙwandalar da injin gwamnati ya yi kuskure wajen buga ta, irin wadda Turawa ke rububin saye da kuɗin gida mai bene. Duk wanda ya bi dabarata ya samu. Gaskiya ne ni kaɗai na taɓa bin ta, amma ka ga ke nan ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba.

Abu ɗaya kafin mu fara. Za ka ji ana cewa matata Zuwaira ta yi yaji, tana gidan mahaifinta a Bungudu yau kwana goma sha tara. Gaskiya ne. Ina son ta dawo, wannan ma gaskiya ne, don tun da ta tafi gidan ya yi mini faɗi, kuma ban ci tuwon da ya amsa sunansa a cikinsa ba. Amma wannan bai shafi darasinmu ba, kada ka bari ya ɗauke maka hankali.

Mataki na ɗaya: Samo mai zuga ka

Ba a shiga wannan sana'a da hankali kwance, sai an zuga mutum. Nemi aboki mai babbar waya da ƙaramin Turanci. Nawa shi ne Tajuddeen mai gyaran waya, wanda teburinsa ke jingine da nawa, wanda kuma sana'arsa ce ta kashe tawa, don tun da waya ta fara nuna lokaci ba mai kawo mini agogo sai tsofaffi da angwaye.

Wata Talata da kasuwa ta yi sanyi ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne sanye da farar safar hannu, ya ɗaga ƙwandala da matsefata kamar mai cire ƙaya, yana magana ta hanci. Tajuddeen ya fassara mini cewa injin buga kuɗi shi ma yakan yi gyangyaɗi, kuma duk ƙwandalar da ta fito a daidai lokacin gyangyaɗin ta fi 'yan'uwanta dubu daraja. Sai wata lamba ta fito a allon, na ƙirga sifiri shida a bayanta.

Kada ka damu da sanin kuɗin wace ƙasa ne. Sifiri shida ko a ina sifiri shida ne.

Mataki na biyu: San inda ƙwandala take kwana

Ƙwandala ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Ka san dai yau in ka miƙa wa mai shayi naira biyu ta ƙarfe, zai dube ka, ya dube ta, ya tambaye ka ko gida lafiya. Amma akwai shekarun da bankuna suka riƙa haɗa wa ma'aikata da ƙwandaloli cikin albashi, a naɗe a takarda, kowane naɗi kamar gaɓar rake. Ba a kashe su ba don ba mai karɓa, ba a kuma zubar da su ba don kuɗi ne. Suna nan a ƙarƙashin gadajen 'yan fansho suna jiran ka.

Je ka gaishe da tsofaffin ma'aikata. Kada ka nuna zalama, kuma kada kalmar Bature ta fito daga bakinka, in ba haka ba naɗin da jiya ake tokare ƙofa da shi yau zai zama dukiyar marayu. Ni na ji labarin wani tsohon malamin makaranta a Tsafe, Malam Haliru, na yi sammako na je na ce na zo duba agogon bangonsa ne saboda Allah. Na hure masa ƙura, na sa sabon batir, agogo ya tashi. Da na tambaya a kaikaice ko yana da tsofaffin ƙarafan da ba ya so, sai ya jawo wani kwali daga bayan ƙofa.

“Kwashe su dut, Malam,” in ji shi. “Shekara da shekaru sun hana ni wurin aje takalmi.”

Naɗi talatin cur. Ka tafi da buhu. Ni leda na riƙe, ta fashe a tashar Tsafe, naɗi biyu suka warware, na bi su da rarrafe a ƙarƙashin motoci. Ba wanda ya taya ni tsinta, ba kuma wanda ya saci ko ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Mataki na uku: Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar gilashin da ke ƙara wa abu girma, irin wanda mu masu agogo ke maƙalawa a ido. Kana buƙatar tabarma a inda rana ke faɗowa, da babban faranti mai faɗi. Faranti mafi kyau yana cikin jeren matarka, wanda ba a taɓawa sai an yi baƙi. Ɗauko shi. Baƙi ba kullum suke zuwa ba, arziki kuwa sau ɗaya yake sallama.

Kada ka yage naɗi da haƙori. Haƙorina na gefen hagu zai ba ka cikakken bayani.

Mataki na huɗu: Gane kuskure in ka gan shi

Ka saurara da kyau, nan ilimin yake. Naira ɗaya da naira biyu ƙarfe biyu ne, ƙwaya a tsakiya da zobe kewaye da ita. In ƙwayar ta goce gefe, ka samu. In injin ya buga sau biyu har dawakan nan na tambarin ƙasa suka fito da ƙafafun da suka wuce na halitta, ka samu. In gefen ya gutsire kamar ɓera ya ɗanɗana, ka samu, muddin ka tabbatar ba ɓeran ba ne. In ka juya ta ka ga dawakai sun tsaya da ka, mikiya tana ƙasa, ka fara juya hannunka tukuna, don ni sau huɗu ina yin hamdala a banza.

Ɗauki ɗaya, duba gaba, duba baya, duba gefe, jefa a faranti. Ɗauki ta biyu. Haka za ka yi ta yi har azahar ta same ka a inda hantsi ya bar ka.

Gargaɗi na masana: daga ƙwandala ta ɗari huɗu ido yakan fara taimakon mai shi. Za ka ga dawakan suna ɗaga ƙafa. Za ka ga dattijon nan mai gashin baki na jikin naira ɗaya yana ƙyafta maka ido. Wannan ba kuskuren inji ba ne, tashi ka wanke fuska ka sha ruwa.

Mataki na biyar: Koyi zama da iyali

Dole ka rufe teburinka, don ba a bin zomo biyu. Ni kwana goma sha ɗaya na rufe nawa. Cefane zai ci gaba da shigowa ta wata hanya, kada ka tsananta bincike a kai. A gidana Zuwaira tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli, kuma na lura a kwanakin nan ta ƙara tiya ɗaya a kan wadda ta saba, na yaba mata a zuci.

Za ta tambaye ka abin da kake yi. Ka ce bincike. In ta sake tambaya ka ce bincike mai zurfi. Tawa sau biyu kawai ta tambaya, daga nan ta koma share tsakar gida tana kewaye tabarmata.

A nan ne za ka ga wata baiwa ta sauko maka. Idon da ya saba neman kuskure ba ya hutu. Za ka gane agogon masallacinku ya yi gaba da minti biyu. Za ka gane hular mai unguwa ta karkata hagu. Za ka gane malmalar tuwo ba ta zauna a tsakiyar kwano ba, kuma kwallin idon matarka na dama ya fi na hagu kauri. Faɗi duka, kada ka ɓoye ilimi. Ni na faɗa, kuma na lura mutane suna yin shiru in na gama, alamar maganar ta shige su.

Mataki na shida: In kuskure ya ƙi zuwa, ka taimaka masa

Na kwance naɗi talatin kaf, ban samu ko karkataccen harafi ba. Injin gwamnati, wanda kowa ya san halin mai shi, sai a kan ƙwandalolina ya ga damar yin aiki tsakani da Allah.

Ranar da na gama na shiga ɗaki neman tsumman goge gilashi, na buɗe kwallar Zuwaira, sai na ci karo da wani ƙulli a bakin tsohon zane. Na kwance. Sule ne na zamanin da, mai kan sarauniya. Na san na mahaifiyarta ne, Inna Uwani, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce, don na sha ganin Zuwaira da ƙullin a hannu. Amma ilimi ba ya duba dangantaka. Na maƙala gilashi na duba: bayan sulen raɗau yake, amma fuskar sarauniya ta shafe sumul, ba ido ba hanci, sai wani ɗan kwari mai santsi a inda kumatu ya kamata ya kasance.

Kwana biyu ina nazarinsa a ɓoye. Na kai wa Tajuddeen, ya juya shi, ya ce lallai injin bai danna da kyau ba, amma Turawa sun fi son mai bugu biyu, wannan rabin arziki ne. To kai ma ka sani, wanda ya samu rabi ba ya zama.

Ga yadda ake yi. Ɗora sulen a kan dutsen niƙa. Ɗora naira biyu a kansa, dawakai suna kallon ƙasa. Ɗauko guduma. Bugun farko a hankali, ba za ka ga komai ba. Na biyu da ɗan ƙarfi, nan ma shiru. A na uku ne za ka tuna da gida mai bene.

Da na ɗaga naira biyun, sulen ya lanƙwashe kamar murfin kwalbar lemo, ya tsage daga gefe har tsakiyar fuskar. Ƙarar ce ta fito da Zuwaira daga madafa, hannunta duk mai. Ta dubi dutsen, ta dubi tsohon zanen ƙullin a ƙasa. Na shirya wa ihu, don ihu yana da amsa. Ba ta yi ba. Ta goge hannu a zane, ta tsuguna ta ɗauki sulen, ta ce, “Malam, ka gama?”

Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa sule dai sule ne, kwabo goma, kuma in ta so gobe zan samo mata goma irinsa a wajen masu tsofaffin kaya. Lissafin daidai yake, har yau ba wanda ya ƙaryata shi. Washegari ta dama kunu, ta rufe mini nawa, ta sa hijabi ta nufi tashar Bungudu.

In an tambaye ka a kasuwa, ka ce mata ba su da hangen nesa. Haka na faɗa, a teburina da wajen mai shayi da layin masu goro, kuma an yi dariya sosai.

Mataki na bakwai: Je biko, amma ka buɗe kunne

Bari mako ɗaya ya wuce saboda girma. Ni a kwana na uku girman ya ƙare, sauran huɗun kunya ce ta riƙe ni.

Sayi goro mai kyau, ka hau motar Bungudu da hantsi. Surukina Alhaji Labbo tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kallo. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya ce in faɗi abin da ya faru. Na faɗa tun daga Bature har guduma, na haɗa da bayanin ƙwaya da zobe don ya fahimci girman al'amarin. Rabin sa'a ina magana bai katse ni ba.

Da na yi shiru sai ya ce, “Na ji an ce kai gwanin gano kuskure na.”

Na sunkuyar da kai na ce haka dai mutane ke faɗi.

“To akwai wani babba zaune cikin zauren ga. Ka gano shi ka nuna man, ka tahi da matarka.”

Yanzu ka ga amfanin horon ido. Na duba zauren. Abu uku ne a ciki: ni, da Alhaji, da wani tsohon akwatin ƙarfe da ya jingina da shi. Alhaji dattijo ne, ba zai kira kansa kuskure ba. Saura akwati. Na ɗan karkata kai, ta inda murfin ya ɓalle na hango takardun naɗi jere reras, sun fi ɗari biyu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na nemi izinin buɗewa. Alhaji ya dube ni, ya daɗe yana duba na, har na fara tsammanin hulata ce ta karkata. Sannan ya matsa gefe ya ce bismillah.

Mataki na takwas: Jure

Kullum ka zo da hantsi, ka koma Gusau kafin la'asar ta yi sanyi. Shimfiɗa tabarma a zauren surukinka, maƙala gilashi, ka kama aiki. Maƙwabta za su leƙo. Wasu za su kawo kujeru. A kwana na huɗu wani mai faci da ke bakin titi ya fara kira na surukin Alhaji mai ido ɗaya, sunan kuma ya bi gari. Kada ka kula, ba a taɓa yin mai ilimin da garinsu bai yi masa dariya ba, balle garin matarsa.

Da azahar za a turo kwano ta ƙofar ciki, ba za ka ga mai turowa ba. Ka ci. Ni loma ɗaya na kai baki na san hannun wa ke cikin miyar, don ba wanda ke sa daddawa haka daga nan har Sakkwato. Malmalar ba ta zauna a tsakiyar kwano ba, na gani, kuma a karo na farko ban ji sha'awar faɗa wa kowa ba. Wani lokaci ina jin sautin taɓaryarta daga cikin gida, bugu biyu sannan ɗan jinkiri, yadda take yi. Sai in ga na jefa ƙwandala biyar a faranti ban duba ko ɗaya ba. Na yi kewarta ƙwarai, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ni a ganina kowane naɗi da na kwance taki ɗaya ne zuwa gare ta.

Kullum in zan tafi Alhaji yakan tambaya ko na gano shi. In ce saura kaɗan, Baba. Shi kuma ya ce, “Allah shi buɗe ido.” Ka amsa da amin mai ƙarfi, addu'ar manya ba abin wasa ba ce.

Mataki na tara: Riƙe kanka ranar samu

Rana ta tara, ana gab da kiran azahar, na kwance wani naɗi da takardarsa ta ci ruwa. Ta goma sha bakwai a ciki naira biyu ce. Ƙwayarta ta goce gefe har ta hau kan zobe, a ɗaya gefen kuma ta bar wata 'yar kafa mai siffar jinjirin wata. Na ɗaga ta sama, hasken ƙofa ya ratso ta kafar ya sauka a idona. Na wanke fuska na dawo, tana nan yadda take. Na juya hannu, ba ta canza ba. Ɗan'uwa, ta gaske ce.

Masana sun ce a irin wannan lokaci mutum ya natsu. Ni na taka farantin ƙwandaloli da gudu, suka watse har titi, na durƙusa gaban Alhaji na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, “Baba, ga shi.”

Ya karɓa. Ya nemi gilashina, ya maƙala a ido kamar ya saba, ya duba gaba, ya duba baya. Ya yarda cewa lallai wannan kuskure ne, kuma a shekarunsa bai taɓa ganin irinsa ba. Zuciyata ta yi fari tas, har na fara tunanin ko motar ƙarfe biyu za mu bi ni da Zuwaira. Sai ya cire gilashin, ya ajiye ƙwandalar a gwiwa.

“Amma wanga na gwamnati na. Su sunka yi shi, su za su ba da haƙuri. Naka hwa?”

Na sake duba zauren. Abu uku ne dai har yanzu, kuma na riga na gama da akwati.

Ban kai ga buɗe baki ba na ji motsi a bayan ƙofar ciki. Zuwaira ce, ba ta fito ba, muryarta kawai. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, sannan ta tambaya kwana nawa na yi ina duba sulen da gilashi. Na ce biyu. Ta tambaya me na gano ya shafe fuskar. Na ce injin ne bai danna da kyau ba.

“Yatsan Inna na,” in ji ta.

Ta faɗa a hankali, ba kuka ba faɗa. Shi ne sulen farko da Inna Uwani ta samu da guminta, tana yarinya tana sayar da ƙuli a bakin tashar Bungudu. Uwarta ta ce kada ta kashe shi, shi ne uwar kuɗi, ta ƙulle shi a bakin zane. Shekara arba'in da wani abu yana nan, zane ya tsufa a sake zane, ƙulli bai canza ba. In yaro ya kwanta zazzaɓi, in ruwa ya yi jinkiri, in Alhaji ya yi tafiya bai dawo kan lokaci ba, sai ta kwance shi ta riƙa murza shi da babban yatsa tana addu'a. A ciwonta na ƙarshe ma yana hannunta.

“Ni ma in abu ya ishe ni, nan nika aza yatsana, inda nata yak kwanta. Yanzu wurin ya tsage, yanka shikai.”

Na dubi ƙwandalar da na kwana tara ina nema, tana kan gwiwar Alhaji. Kunya ta rufe ni tun daga hula har tafin ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne ai ban sani ba.

“Ba ka tambaya ba,” ta ce. Na ji takunta ya koma ciki.

Mataki na goma: Sayar da abin da ka samu

A nan sai ka yi mini uzuri, bayanina zai yi gajarta.

Na roƙi Alhaji ya miƙa mata ƙwandalar a madadin sulen. Ya tuna mini cewa ƙwandalar tasa ce, daga akwatinsa ta fito, ya jefa ta ciki ya rufe. Hoton da na samu na ɗauka Tajuddeen ya tura wa Baturen, kuma har yau alama ɗaya ce tak a jikin saƙon, wato ko isa bai yi ba.

Da zan tafi Alhaji ya raka ni bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce labarin abin da na faɗa a kasuwa game da 'yarsa ya riga ni zuwa Bungudu tun a makon farko, masu goro ne suka kawo shi. Ya ce ba ya riƙe mace daga mijinta, ba ya kuma tura ta. Amma inda aka ɓata, can ake gyarawa, in na gyara in dawo a ji ta bakinta.

Bai ce ta wace hanya zan bi ba. Shi ya sa na biyo ta nesa, ta matakai goma, don mai girma ba ya faɗa rijiya sai ya kewaye ta tukuna. Tajuddeen ya yi alkawarin karanta wannan takarda a wajen mai shayi da layin masu goro, ya kuma sa ta a waya.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka sanadin bin shawararsa. In idonka ya yi ja, tsakaninka da gilashi ne. In haƙorinka ya gutsire, an gargaɗe ka. In ledarka ta fashe a tasha, in teburinka ya yi yana, in aka laƙaba maka suna a garin surukai, in Bature ya ƙi amsawa, ka nemi Tajuddeen, yana nan inda na kwatanta. Duk karkatar da ka gani a jikin ƙwandala ta injin gwamnati ce, ni ban san inda yake ba ma.

Abu ɗaya ne hannuna ya ƙi wankuwa daga gare shi. Masu goro, ku ajiye ciniki ku ji. Sulen Inna Uwani ni na kwance shi daga ƙullinsa, ni na ɗora shi a dutse, ni na buga shi sau uku. Ba inji ba ne, ba Tajuddeen ba ne. Abin da na ce game da Zuwaira ƙarya ce, ita ta ciyar da gidan kwana goma sha ɗaya ina zaune ina duba kaurin kwallinta. Na kai sulen wa maƙera uku, duka sun ce za a iya miƙe shi, amma ba mai iya mayar da abin da ke kansa.

Na buɗe teburina tun Litinin. Jibi zan hau motar Bungudu da hantsi. Ban san ko za ta biyo ni ba, kuma wannan karon ba ni da dabara ko ɗaya. Tambaya kawai zan je in yi.